Ƙahon Babur da Ƙofar Zaure

Ƙofar Durbi, Katsina
Afrilu, 1999

Zuwa ga ɗana Mudassir,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal, yaya haƙuri da ruwan nan naku da aka ce ba ya ɗaukewa? Mahaifiyarka Hauwa'u tana gaishe ka. Ciwon ƙafarta ya yi sauƙi, sai in ta daɗe a tsugune. Ni ma alhamdu lillahi, ido ne dai ya fara yi mani gardama wajen zura zare a allura, amma hula ba ta daina fita daga hannuna ba. Ga soyayyen naman Sallarka nan Bala direba zai ba ka tare da takardar nan. In ka ga ya yi kaɗan, kada ka tambaye ni, hanya ce mai tsawo kuma Bala yana da haƙora.

Bayan haka, babur ɗinka ya faɗi. Na fara da babur don na san shi za ka fara tambaya, amma da ƙanenka Audu a kai ya faɗi.

Tun da sojoji suka ce za su koma bariki, garin nan kowa ya zama mai jama'a. Wanda jiya muke zaune da shi kan tabarma ɗaya yau kansila ne, ko gaisuwar mutuwa ba ya zuwa sai da 'yan acaɓa gaba da baya suna danna ham. Ana zuba masu mai, shi ya sa Audu ya shiga rakiya. Wajen Babbar Kasuwa iska ta cire hular na gabanshi, mutumin kuwa ya taka birki don hula. Audu ya kauce, rairayi ya kwashe shi. Tanki ya lotsa, gilashin sigina ya fashe, fentin gefe ya kwaile. Gwiwar Audu ma ta kwaile, an wanke an ɗaure. Ya kwana biyu bai fita ba, tukunyar mahaifiyarka kuwa ta san bai fita ba.

Yanzu ya koma aiki, babur kuma yana kwana cikin zaure inda ya saba. Ka san rabin zauren na bar mashi, ni da allurata da abokan hirata muka matsa gefe guda. Ba ƙorafi nake ba. Sai dai duk magariba in Audu zai shigo da shi sai na dafe ƙirji, don hannun babur ya fara gogar ƙofa. Zauren nan kakanka ya gina shi shekarar da aka haifi yayana mahaifinka, Allah ya jiƙansu. Gona an sayar, rijiya ta rufta, shi kaɗai ya rage da zan nuna in ce ga na ubana.

Ka riƙe salla, ka rage cin barkonon mutanen nan.

Babanka,
Sammani

*

Fatakwal
Afrilu, 1999

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fata kana lafiya, da Inna da kowa da kowa. Nama ya iso, na gode, Allah ya maimaita mana.

Baba, labarin mashin ya hana ni sukuni. Kai ka san yadda na yi kafin in saye shi, da irin abin da na hana cikina. Na saye shi ne don Audu ya riƙe Inna, ba don ya bi bayan kansila yana ihu ba. Mashin ko shekara bai yi ba a ce tanki ya lotsa? A faɗa mashi na ce ya ji tsoron Allah. Allah ya ba shi lafiyar gwiwa.

Ni dai na yanke shawara, dole a sa ma mashin ɗin nan ƙarfen kariya, wanda in ya faɗi ƙarfen zai fara taɓa ƙasa, ba tanki da inji ba. A nan na ga iri biyu. Akwai mai faɗi da ake ce ma bamba, yana fitowa dama da hagu a gaban ƙafar mai tuƙi. Akwai kuma wasu 'yan gajeru masu kan roba, kamar kan taɓarya, ana ɗaura su jikin ƙashin mashin, na gan su a manyan mashinan ma'aikatan mai. Gajerun ba su cika mani ido ba gaskiya, ban ga abin da ɗan dunƙule zai tare ba.

Ina roƙon Baba ya taimaka ya zagaya ya ga abin da ake samu nan gida, ya rubuto mani. Ban yarda Audu ya zaɓa ba, shi abin da ke ƙyalli kawai ya sani.

A gaishe mani da Inna, a ce ta daina tsuguno wajen wanki.

Ɗanka,
Mudassir

*

Ƙofar Durbi, Katsina
Mayu, 1999

Ɗana Mudassir,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, zafi ne dai kamar ana toya gurasa da mu. Gwiwar Audu ta warke, na ga layi ɗaya da ka ware mata a takardarka, na karanta mashi har sau biyu don ya ƙoshi.

Na yi zagayen da ka sa ni. A tsufana na zama mai leƙen gindin babura, har wani yaro ya tambaye ni ko acaɓa zan fara. Na je layin masu kayan gyara, na ga bamba mai ƙyalli da suke sarowa daga Kano. Na kama ta da hannu na ɗan matsa, sai na ji ta ba ni haƙuri. Irin wannan in babur ya faɗi ita ce za ta nemi mai kare ta.

Na wuce wurin Ɗanliti mai walda. Ka san Ɗanliti, bai taɓa cewa bai iya ba, ko jirgin sama ka ce ya ƙera sai ya ce ka dawo jibi. Ya nuna mani wata da ya yi ma wani da bututun ruwa, faɗinta kamar ƙahon bajimi. Na ce mashi, "Wannan ai sai a shanya kaya." Ya ce, "Malam, in ya faɗi da wannan ko ƙura ba za ta taɓa tanki ba." Na ce, "In ya shiga lungunmu fa?" Ya ce, "Sai masu tahowa su koma baya." Da na kwatanta mashi gajerun da ka faɗa, ya ce guntun bututu ne da robar taya, aikin wuni ɗaya.

Mahaifiyarka mai faɗin take so, don ta ji an ce tana tare ƙafa. Ba ta yi ƙarya ba, gajerun babur kawai suke karewa. Amma ni na ce ƙafar Audu barin rakiyar kansila ne zai kare ta, kuma ya yi mani alkawari ya bari.

Ga inda gizo ke saƙa. Kan babur ya fi ƙofar zaure faɗi, amma kai yana juyawa. Audu yakan karkata shi ya shigar da hannu ɗaya, ya sake karkatawa ya shigar da ɗayan, sannan a ɗaga taya a tsallake dokin ƙofa. Ƙarfen da aka ɗaure da noti ba ya karkata. Kakarmu takan ba mu labarin wani sa da ya dami Ubangiji da roƙon ƙaho don kura ta ji tsoronshi. Aka ba shi har ya fi na kowa. Da yamma ta yi ya zo shiga garke, ƙofa ta ce ba ta san shi ba. A waje ya kwana, wurin kurar.

Saboda haka ni gajerun na zaɓa. Amma babur naka ne. In ka nace sai mai faɗi, ga jan zare nan na naɗe cikin takarda, na yanke shi daidai faɗin ƙofar zaure daga wannan gini zuwa wancan. Duk ƙarfen da za a yi ya kasa zaren nan da yatsa huɗu, don ƙyaure ma yana cin nashi wuri.

Sai na ji daga gare ka.

Babanka,
Sammani

*

Fatakwal
Yuni, 1999

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. A gafarce ni, a tsaye nake rubutu, Bala ya gama lodi yana jira na.

Takardarka ta iso, sai dai ruwa ya dake su a hanya ya jiƙa ƙasanta, tawada ta ɗan watse. Amma na ga zare, na kuma ga inda aka rubuta "daidai faɗin", na gane nufin. Tunda Inna mai faɗi take so, ni ma ita nake so, an gama magana. Na kai zaren wurin wani gwanin maƙeri a nan, na tsaya a kanshi ya yi bamba daidai da zaren, ko gashi ɗaya bai rage ba. Ƙarfen jirgin ruwa ne, an yi mata wankan azurfa, ba ta tsatsa. Duk Katsina babu irinta. Ga ta nan a buhu da notinanta.

A sa Ɗanliti ya ɗaura kawai, kada ya kai mata wuta.

A gaishe da Inna.

Ɗanka,
Mudassir

*

Ƙofar Durbi, Katsina
Yuni, 1999

Mudassir,

Gaisuwa. Muna lafiya. An yi ruwan shuka, gari ya yi sanyi, ni ne dai ban yi ba.

Bamba ta iso. Wallahi maƙerinka gwani ne, ka gaishe shi. Na ce a yi abin da zai shiga ƙofa, ya yi mana abin da zai toshe ta. Zaren da na aiko awon ƙofa ne, ɗana, ba awon ƙarfe ba. Layin da ruwa ya cinye shi ne ke cewa a rage yatsa huɗu. Duk takardar, da labarin zafi da na Ɗanliti da na sa, ruwan bai ga abin ci ba sai wannan layi. Kai kuma da ka ga tawada ta watse, maimakon ka tambaya sai ka cike gurbin da abin da ranka ke so.

Ranar da aka ɗaura ta unguwa ta taru. Audu ya zagaya gari yana walƙiya, 'yan acaɓa sun sa mashi suna Mai Ƙaho, fasinja har zaɓenshi suke. Da magariba ya kawo babur ƙofa, ya karkata kai ya shigar da hannu ɗaya, ya shigar da ɗayan, sai ƙwas! Ƙaho ya daki gini dama da hagu a tare. Aka kwantar da shi, aka tayar, aka gwada da baya. Maƙwabci ya ce a ɗaga shi sama, liman ya ce a yi bisimilla a sake turawa. Rabin babur a ciki, rabi a waje, ni kuma ina cikin zaure an toshe ni, sai ta ƙofar cikin gida na zagaya na haura katangar awaki na samu jam'i. Da furfurata.

Ba a barin babur a waje a garin nan yanzu, makon jiya aka ɗauke na wani a ƙofar asibiti. Tau ga abin da muke yi. Kullum da yamma Audu ya tsuguna da sifana ya kwance bamba, a shigo da babur, a shigo da ita. Da asuba a fitar da babur, a fitar da ita, a ɗaura. Fasinjan safe, masu zuwa ofis da 'yan makaranta, duk sun wuce kafin ya gama. Noti biyu sun riga sun cinye. Jiya na ji yana zaginta a hankali, ya ɗauka ban ji ba, ni kuwa a zuci ina cewa amin.

Ɗanliti ya ce zai iya yanke yatsa biyu nan, biyu can, ya haɗe. Audu ya hana, ya ce Yaya ya ce kada a kai mata wuta. Na ce tau a jinginar da ita a yi gajerun. Mahaifiyarka ta ce abin da yaro ya aiko tun daga bakin teku ba a jingine shi kamar tsohuwar tsintsiya. Ka ga an bar ni da allurata.

Ka rubuto layi ɗaya: a yanke. Ka naɗe takardar cikin leda.

Babanka,
Sammani

*

Ƙofar Durbi, Katsina
Agusta, 1999

Mudassir,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Shiru ya yi yawa. Bala bai dawo ba, matarshi ma ba ta san inda mota ta tsaya ba. Wannan ta gidan waya na aiko, Allah ya sa ta iso kafin ta riga ni tsufa.

Ruwa ya zauna sosai, gero ya yi kyau. Audu yana nan yana ɗaurawa yana kwancewa, yanzu cikin taɓo. Ya rame, ya daina dariya, ya fara kallon ƙofar zaure irin kallon da mahauci ke yi ma rago. Na ce mashi ya kiyaye ni.

In fushi ka yi da maganar da na faɗa maka, ka yi fushin a rubuce. In ba ka da lafiya ne, ka sa wani ya rubuto, mahaifiyarka ta fara mafarkai.

Gobe zan tafi garin Mani, aminina Mati ya rasu, zan zauna har a yi addu'ar bakwai. Na ce ma Audu in takardarka ta zo ya buɗe ya karanta ma uwarshi gaisuwarta, kada ta jira ni.

Babanka,
Sammani

*

Fatakwal
Yuli, 1999

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ban haƙuri. Ina lafiya, a faɗa ma Inna ina lafiya ƙalau.

Na karanta takardarka na ji kunya, kuskuren nawa ne. Amma Baba, don Allah kada a yanke bambar nan. In wuta ta taɓa ta wankan azurfar ya tashi, inda aka haɗa kuma nan za ta karye ranar da ake bukatarta. Ba za a sake samun irinta ba.

Ni a ganina abin mai sauƙi ne. Tunda yatsa huɗu ne kawai, me zai hana a ɗan sassaƙe ƙofar, biyu nan biyu can? Ai ƙasa ce, ba dutse ba. In na zo hutun ƙarshen shekara sai in sa a shafe wurin da siminti ya fi da kyau. A nan ma an faɗaɗa ƙofar ma'ajiyarmu ana tsaka da ruwa, ba abin da ya faru. Audu ya huta da sifana, mashin ya kwana ciki da kariyarshi.

Wannan shawara ce kawai. Baba ne mai gida, yadda ya gani shi za a yi.

Ɗanka,
Mudassir

*

Ƙofar Durbi, Katsina
Satumba, 1999

Mudassir,

Gaisuwa. Kowa yana da rai, ba wanda ya ji ciwo. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune.

Takardarka ta watan Yuli ta yi zamanta a Lakwaja cikin motar Bala da ta lalace, ba ta iso ba sai ina Mani. Audu ya buɗe kamar yadda na ce. Ya karanta ma uwarshi gaisuwa, ya karanta ma kanshi sassaƙar ƙofa. Layin ƙarshe, inda ka ce ni ne mai gida, ya ce bai lura da shi ba. Wannan karon ba ruwan sama ne ya cinye layin ba.

Na dawo ran Talata da la'asar. Tun daga bakin lungu na ga ƙofar ba ita ba ce. An sa gatari an ci gefe da gefe, makubar da kakanka ya shafe ginin da ita don ruwa an ɓamɓare ta, ga jan tubali tsirara. Ba yatsa biyu ba ne, don gatari bai san yatsa ba. Babur yana ciki da ƙahonshi yana ƙyalli. Audu ya tarye ni yana washe baki.

"Baba, sannu da hanya. Ka ga yanzu sumul yake shiga."

Na ce, "Wa ya sa ka?"

Ya ce, "Yaya ne ya rubuto."

Na ce, "Yayanka a Fatakwal gidan bulo yake kwana. Kai da aka haifa cikin ginin ƙasa, ka taɓa ganin wanda ya sa ma gini ƙarfe da damina?"

Ya ce, "Ai ɗan kaɗan ne."

Abin da ya zo bakina bai dace da mai dawowa daga gaisuwar mutuwa ba.

Na aika aka kira Babaji magini. Ya duba sama, inda azarar da ke bisa ƙofa ta hau kan gini, ya ga an ci rabin mazauninta. Ya ce yaɓe ba ya kamawa yanzu, ruwa zai wanke shi kafin ya sha iska. Muka tokare da itace, muka rufe da buhuna da tsohuwar tabarma. A daren aka fara ruwa, irin mai zuwa da iska daga gabas, ƙofarmu kuwa ka san gabas take kallo. Laraba ruwa, Alhamis ruwa. Ina zaune ina jin ginin yana sha kamar jariri.

Ran Juma'a ba aikin acaɓa saboda taɓo, Audu ya bar babur a zaure muka tafi masallaci a ƙafa. Muna dawowa na hangi mutane a lungunmu, na kuma hangi bishiyar cikin gidanmu tun daga tushe, wadda ban taɓa gani daga titi ba. Gaban zauren ya zauna, rufin ya biyo shi. Mahaifiyarka ta ce ko ƙara bai yi sosai ba, kamar an sauke buhu.

Aka tono babur. Azara ta sauka tsakiyar tanki ta maida shi faranti, fitila ta tafi, kai ya lanƙwashe. Bambarka kuwa, ɗana, ko ƙwarzane babu. Audu ya goge ta da hannun riga sai ga fuskarshi a ciki yana kuka. Maƙerinka ya tsare mana dama da hagu, bai yi mana ta sama ba.

Ba a samu akwatin zarena ba sai washegari, ya zama kunu. Hular da nake ɗinka ma liman tana ciki. Yanzu a gindin katanga nake zama, duk mai wucewa yana ganin matan gida suna tuƙa tuwo, sai da muka kafa zana. Abokan hira sun zo jaje sun rasa inda za su cire takalmi.

Ba ni da sauran abin faɗi yau.

Sammani

*

Fatakwal
Satumba, 1999

Zuwa ga Baba,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, na karanta takardarka na kasa shiga wurin aiki. Na tuna a zauren nan ka koya mani alif da ba, a nan aka ajiye gawar mahaifinmu kafin a kai shi. Ni na rusa shi da alƙalamina, Audu hannu kawai ya sa. Don Allah Baba ka yafe mani, ka yafe mashi.

Mashin ya tafi duk inda za shi, ban damu ba. Na nemi hutu, da an ɗauke ruwa zan taho. Zan gina maka sabon zaure na bulo da rufin kwano, da babbar ƙofar ƙarfe mai ɓangare biyu, wadda ko mota za ta shiga, yadda ba abin da zai sake gogar gini. Ruwa ba zai ƙara tayar maka da hankali ba.

A gaishe da Inna, a ce ta yi mani addu'a.

Ɗanka mai neman gafara,
Mudassir

*

Ƙofar Durbi, Katsina
Oktoba, 1999

Ɗana Mudassir,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, an fara yankan gero, sabuwar fura har ta shigo gari. Na yafe maku, kai da Audu, tun kafin ka roƙa. Haushin ne dai bai gama fita ba, shi kuma ba a korarshi, da ƙafarshi yake tafiya.

Kada ka ce ba ka damu da babur ba, tukunyar mahaifiyarka ta damu. Inji bai mutu ba. An samo tsohon tanki shuɗi an ɗora ma jan babur, an miƙe kai, Audu ya koma hanya, yanzu Mai Ƙaho ya zama Hankaka saboda launi biyu. Na tsaya a kan Ɗanliti ya yi gajerun nan biyu da robar taya. Ba su da kyan gani. Shekaranjiya babur ya zame a rairayi, suka taɓa ƙasa, aka tayar da shi aka wuce. Bambarka mahaifiyarka ta sa an kafa ta tsakar gida tana ɗaure tunkiya. Tun da aka ɗaure ta kuwa tunkiyar ba ta faɗi ba.

Maganar bulo da ƙofar mota, na gode, ka bar ta. Ba ni da mota, ba na kuma son zama cikin tanda da bazara. Babaji ya ce ƙasar tsohon zauren tana nan da kyanta, ita za a sake kwaɓawa a yi tubali, azara ma uku sun tsira. Kai dai ka taho da ƙafafunka, akwai cuɗa ƙasa, kai da ƙanenka.

Abu ɗaya ya rage. Jiya Babaji yana shata tushe ya ce, "Malam, ƙofar nawa ne faɗinta?" Na buɗe hannuwa zan nuna mashi, sai na tsaya. Tun ina rarrafe nake wuce ƙofar nan, kafaɗata ce ta san ta, ni ban sani ba. Na tambayi duk wanda ya taɓa shiga, kowa da irin buɗa hannunshi. In ban da bambar nan, wadda ba zan auna ƙofar ubana da ita ba tunda ita ta rusa ta, duk duniya yanzu ba inda faɗin ƙofar kakanka ya rage sai jikin jan zaren nan da na aiko maka.

Ka duba aljihunka, ka duba wurin maƙerinka. Na ce ma Babaji ya tayar da bango uku, ya bar gaban a buɗe sai ka iso. In ka same shi kada ka ba Bala, kada ka sa a gidan waya. Ka naɗe shi cikin leda ka taho da shi da hannunka.

Allah ya kawo ka lafiya.

Babanka,
Sammani